Cire Ciyawa Ilmi Ne, Ba Horo Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a makarantu, wadda ni a ganina ya kamata mu yar da ita in mun kama aiki. Yaro ya makara, ko ya yi surutu a aji, sai a miƙa masa fartanya, a ce ya tafi lambu ya cire ciyawa. To, me muka koya masa? Mun koya masa cewa duƙawa a gona aikin mai laifi ne. In ya girma ya raina noma, kada mu zargi kowa sai kanmu.

Alhali kuwa sanin ciyawa ilmi ne mai zurfi, gama kowace iri da halinta, kuma maganin wata ba shi ne na wata ba.

Dubi ƙarangiya da kashin yawo da tsidau. Waɗannan shekara guda su ke yi, ƙarfinsu duk a 'ya'yansu ya ke, su kan maƙale a riga ko a gashin akuya su yi tafiya. Wanda ya tuge su kafin su yi 'ya'ya ya rage wa kansa wahalar baɗi. Wanda ya bari sai sun bushe ya kaɗe su, shuka ya yi, ba noma ba.

Amma aya-aya da tofa dabam su ke. Ransu a ƙarƙashin ƙasa ya ke, aya-aya da 'yan ƙwayoyinta a jere kamar carbi, tofa da saiwarta mai rarrafe. In yaro ya sare kansu da safe, malam ya ga fangali fes ya yi murna, kwana kaɗan sun tofo. Ko wuta aka sa wa tofa, sai ta sake fitowa ɗanya shar. Sai an haƙe da rani, an tsince saiwa an shanya ta a rana.

Mafi mugunta ita ce ƙuduji, wadda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarta kamar ƙura ta ke, tushe guda ya kan zubar da dubbai, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ta tsira sai ta ji wani ruwa da saiwar shuka ke fitarwa, sa'an nan ta kama saiwar dawa ko gero ta yi ta tsotso, kafin furenta ya bayyana ta riga ta yi ɓarna. A 1966 masana a Amurka suka ware irin wannan sinadari daga saiwar auduga. Auduga kuwa ta kan ruɗi ƙuduji ta tsira, amma ba ta ba ta wurin kamawa, sai ta mutu. Shi ya sa sauya shuka da auduga ko waken soya, tare da taki, ke rage ta.

Wani zai ce, in an daina horo da fartanya, wa zai share makaranta? Amsa ita ce kowa, har da malam. A raba wa yara fangali-fangali, a yi noman firi da maimai a kan kari, gama makonnin farko ne ciyawa ta fi cutar shuka. A nuna musu taki ɗanye ya kan zo da irin ciyawa, sai ya ruɓe a zuba. A sa su tara ciyayi da saiwarsu, su tambayo sunayensu wurin iyayensu. Za su gane ƙiri-ƙiri abokin gaba ne a fangalin albasa, amma ado ne a filin ƙwallo, tafasa da lalo kuwa abinci ne.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Mu nemi wa mai laifi wani horo, mu bar wa fartanya mutuncinta. Allah ya sa mu dace, amin.