Laifin Na Ruwan Sama Ne, Ko Na Harsashin Gini?

Bayan ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024, an yi abin da aka saba: jaje, buhunan hatsi, kwanon rufi. Ba a tambayi irin ƙasar da za a sake aza gidajen a kanta ba. Wannan sakaci ne, kuma bai kamata a ci gaba da laƙaba masa sunan ƙaddara ba.

Ba kowane gida ne igiyar ruwa ke turewa ba. Wani daga ƙarƙashi yake mutuwa. Akwai ƙasa mai yaudara, cakuɗen rairayi da ƙura da iska ko kogi suka jibge, wadda 'yar laka kaɗan ke riƙe da ƙwayoyinta, tsakaninsu kuwa duk kafofi ne. Da rani diga ma sai ta sha wuya kafin ta huda ta, magini ya ce ya sami tushe. Ranar da ruwa ya ratsa ta, lakar ta saki, ƙwayoyin su rufta cikin kafofin, ƙasar ta lotsa nan take. Da yake kusurwar da indararo ke zuba ta fi saura jiƙa, ita ke fara nutsewa, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Masana sun daɗe da sanin wannan. Tun 1957 Jennings da Knight na Afirka ta Kudu suka fito da gwajinsa: a danne samfuri biyu, busasshe da jiƙaƙƙe, a auna bambancin lotsawarsu. Najeriya ma tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin injiniya. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ke wuyan hukuma. Gwamnatin Zamfara na iya auna ƙasar garuruwan da ke gaɓar Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, ta sanar da magina sakamakon da Hausa. Sauran aikin mai araha ne: jiƙa ramin harsashi a daɓe shi kafin zuba kankare, zurfafa haƙa, nesanta salga da magudana daga bango.

Mutanen Yargalma sun san kuɗin jahiltar ƙasa: a 2010 gubar dalma ta hallaka musu yara, sai da aka kankare ƙasar gidajensu aka sauya ta. Duk hukumar da ta raba kwano ba ta auna ƙasa ba, jajen baɗi take tanada.