Sharhi: Kututturen da Aka Daina Sarewa



Duk wanda ya tashi a karkara ya san aikin bazara: a yi sassabe, a tara kirare, a cinna wuta, gona ta fito fes kamar faifai. Manomin da ya bar tsiro a gonarsa rago ake kiransa. Haka aka saba a ƙasar Maraɗi shekara da shekaru, har iska ta riƙa binne shuka da rairayi.

Masu aikin gandun daji su ma suna da nasu sabon: a raini dashe a leda, a kai gona, rani da awaki su cinye, baɗi a sake. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen, ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Ya sha wuce irinsa ba adadi. Sabo, ai, idon mutum yake fara rufewa.

Dabarar da ta fito daga wannan ba ta cin ko sisi. Ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen kalgo ko sabara, ka datse sauran, ka bar su su tashi. Ita ce manoman Nijar ke kira sassabin zamani.

Kada a ɗauka an karɓe ta hannu bibbiyu. An yi wa manoman da suka fara ta dariya. A yunwar 1984 sai da aka haɗa da taimakon abinci, kuma da abincin ya ƙare, da yawa suka koma ga gatarinsu. Ni ban ga laifinsu sosai ba, tun da a lokacin doka ta ce itacen na gwamnati ne. Waɗanda suka daure kuwa suka samu itacen girki da abincin dabbobi, gero kuma ya yi kyau a gindin gawo. Maƙwabci ya leƙo, ya gani, ya kwaikwaya.

Yau ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ba dasa su aka yi ba.