Koyar Da Sana'a A Sakandare: Kada A Maimaita Abin Da Ya Faru A 1982

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa, ta fito da wasu sauye-sauye guda biyu da suka shafi makomar 'ya'yanmu da ke sakandare. Na farko shi ne mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha na Gwamnatin Tarayya, irin na Kafanchan da Zuru da Michika da Dayi, su koma kwalejojin fasaha zalla, tare da alkawarin karatu kyauta da alawus na wata-wata, kuma kashi 80 cikin 100 na lokacin ɗalibi ya tafi a aikin hannu. Na biyu shi ne rage darussan sana'a da ake koyarwa a sauran makarantun sakandare daga sama da 30 zuwa shida kacal: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da na abinci.

Babu mai hankalin da zai ƙi wannan yunƙuri, kuma muna yi masa fatan alheri. Sai dai masu iya magana sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma wannan ruwa mun taɓa shigarsa.

Idan dai ba a manta ba, tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya samo asali daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka kuma fara aiki da shi a 1982, an gina shi ne a kan wannan buri. An tsara cewa yaro zai yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki, ta yadda idan ya kammala za a gane inda hannunsa ya fi faɗawa: wani ya wuce babbar sakandare, wani kwalejin fasaha, wani kuma ya tafi koyon aiki. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta shigo da injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Duk wanda ya yi sakandare a shekarun 1980 ya san ƙarshen labarin. A makarantu da dama akwatunan sun shekara da shekaru a baranda ba a buɗe su ba, domin ba a gina ɗakin da za a kafa injunan ba, ba a kai wa makarantar wutar lantarki ba, uwa uba kuma babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. Wasu tsatsa ta cinye, wasu suka yi ƙafa. Darasin fasaha ya koma darasin alli da allo, malami ya zana zarto yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassansa, su ci jarrabawa ba tare da sun taɓa yanka katako ba.

An sake gwadawa a 2011, lokacin da sabuwar manhajar babbar sakandare ta wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a guda ɗaya daga cikin 34. Shugabannin makarantu ba wawaye ba ne. Da suka duba suka ga ba su da injin walda ba su da malamin walda, sai yawancinsu suka zaɓi darussan da ake iya koyarwa daga littafi, irin su dabarun talla da sayarwa. Doka ta cika a takarda, yaro kuma ya fita hannu rabbana kamar yadda ya shiga.

Saboda haka ba hukuma muka rasa ba, ba kuma manufa ba. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, yana nan tun 1971, kuma hedikwatarsa a Jos take. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, an kafa ta a 1977, kuma hedikwatarta a Kaduna take, a tsakiyarmu. Hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, NABTEB, ta zo a 1992 ta gaji jarrabawar da a da ake kawo mana daga Ingila, kuma takardarta tana shigar da ɗalibi jami'a kamar yadda ta WAEC da NECO ke yi, abin da iyaye da yawa ba su ma sani ba. Kai, tun makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 akwai sashen koyon sana'a. Shekara fiye da ɗari ke nan ana tufka ana warwara.

A ganinmu babban cikas yana wurin da ba a cika son dubawa ba, wato yadda ake rarraba yara bayan aji uku na ƙaramar sakandare. A aikace, a yawancin jihohinmu, rabon yana tafiya ne kamar tankaɗe. Masu ƙoƙari su tafi ajin kimiyya, na biye da su su tafi ajin adabi ko na kasuwanci, abin da ya rage a cikin rariya kuma a tura shi kwalejin fasaha. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya fahimci saƙon sarai: an kai shi can ne saboda an yanke masa ƙauna. Malamansa sun sani, iyayensa sun sani, mai ɗaukar aiki ma ya sani. Da wuya a samu makarantar gwamnati da ke da malamin ba da shawara wanda zai zaunar da yaro da mahaifinsa ya bayyana masu cewa akwai hanya ta shekara uku zuwa takardar shaidar fasaha ta ƙasa, daga nan a wuce kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a, ko a buɗe shago.

A nan ya kamata mu 'yan boko mu gaya wa kanmu gaskiya, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta jawaban da ake karantawa a tarukan yaye ɗalibai, su ne daraktoci da manyan sakatarori da malaman jami'a. A kan mumbari kowa yana yabon sana'ar hannu. Amma a cikinmu wa ya taɓa cika wa ɗansa fom ɗin kwalejin fasaha da son ransa? Ƙasar da ta yi suna da ƙira da jima da dukanci da rini da saƙa, ƙasar da fatarta ta ratsa Sahara aka san ta a kasuwannin Turai, yau ta wayi gari ɗan da ya ce yana son kanikanci sai a ɗauka wani abu ya same shi. Gwamnati ma ta taimaka wajen kafa wannan raini, domin shekaru da dama tana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, amma har Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Uban da ya ga haka, ta yaya za a zarge shi idan ya ce ɗansa jami'a ko oho?

Sakamakon kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa gina gida a Abuja ko Kaduna ko Kano. Idan ana son shimfiɗa tayil mai kyau ko aikin silin na zamani, sau da yawa sai an nemo 'yan Togo ko 'yan Jamhuriyar Benin, kuma kuɗin da suka yanka shi za a biya. Aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya ratsa ta ƙofar gidajenmu, kuma walda irin ta bututun gas ba a ba wa kowa ita sai mai takardar shaidar ƙwarewa. Ya dace kowace gwamnatin jiha da bututun ya bi ta cikinta ta tambayi kanta ɗalibai nawa kwalejojinta suka yaye da za su iya tsayawa a wannan layi. A lokaci guda kuma matasa masu digiri suna yawo da takardu a jaka daga wannan ofis zuwa wancan, wasu sun haƙura sun kama tuƙin A Daidaita Sahu.

To, mene ne abin yi? Ba sai an je nesa ba, domin akwai misali a cikin gida. A 1977 Jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar, sai ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ta ba su hukuma tasu ta musamman, ta sa jarrabawar shiga mai tsanani, ta nemo malamai ƙwararru, ta ba ɗalibai wurin kwana da abinci. Cikin 'yan shekaru iyaye suka koma rububin samar wa 'ya'yansu gurbi, kuma yau ɗaliban waɗannan makarantu sun cika asibitoci da jami'o'i a ciki da wajen ƙasar nan. Daraja ce aka ba kimiyya, mutane suka bi ta. Babu abin da zai hana kowace jihar Arewa ta ɗauki kwalejin fasaha ɗaya ko biyu ta yi masu irin wannan gata, maimakon a warwatsa ɗan abin da ake da shi a makarantu ashirin da babu wadda za ta ƙoshi. Ranar da aka ji an yi jarrabawar shiga kwalejin fasaha ɗan babban sakatare ya faɗi, kuma mahaifinsa ya ji haushi, ranar aka fara gyara.

Sai maganar wurin koyon aiki. Ana yawan kafa misali da Jamus, inda matashi kan yi kwana uku ko huɗu na mako a kamfani yana aiki ana biyansa, ya yi kwana ɗaya ko biyu a makaranta, kuma ƙungiyoyin masana'antu da masu sana'a su ke shirya masa jarrabawar ƙarshe. Tsari ne mai kyau, amma ginshiƙinsa kamfanoni ne, mu kuwa masaƙun Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 2000, kuma Sharaɗa da Bompai da Challawa ba kamar da suke ba. Abin da muke da shi da yawa shi ne ubangidan shago: bakanike a gareji, mai walda a bakin titi, tela, kafinta, masu ƙere-ƙere na Panteka a Kaduna, masu gyaran waya na Farm Centre a Kano. Waɗannan mutane su ne ainihin malaman fasahar Arewa, domin matasan da ke koyon aiki a hannunsu sun ninka na kwalejojin gwamnati nesa ba kusa ba. Abin da yaron shago ya rasa shi ne lissafi da karatun zane da ka'idojin kare kai daga haɗari da takardar shaida. Abin da ɗan makaranta ya rasa kuwa shi ne injin da ke aiki da kwastoma mai ƙorafi. Kowanne yana riƙe da abin da ɗayan yake nema.

An ma fara haɗa su. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kafin a naɗa shi shugaban NBTE a 2021, kwalejin ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka domin a auna ƙwarewarsu a ba su takardar shaida a ƙarƙashin tsarin tantance ƙwarewa na ƙasa. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan dabara zuwa matakin sakandare. A tantance shagunan da suka cancanta a kowace ƙaramar hukuma, a yi rajistarsu, a riƙa biyan maigidan wani abu a kan kowane ɗalibi, malamin makaranta ya riƙa zagayawa yana duba abin da aka koya. Wajibi ne kuma a sa ido, don kada ɗalibi ya ƙare a sayo wa maigida abinci da sharar shago, wanda shi ne ƙorafin da aka daɗe ana yi a kan wasu iyayen gida.

Muna da ƙorafi a kan jerin sana'o'i shida na sabuwar manhaja. Sola da gyaran waya da kiwo da noman lambu sun dace da Arewa ƙwarai, musamman yadda gidaje da shaguna da masu noman rani suka rungumi sola saboda rashin tsayayyar wuta da tsadar fetur. Amma babu walda a ciki, babu gini, babu aikin famfo, babu kanikanci, an bar su ga kwalejojin fasaha, alhali ƙananan hukumomi da yawa ba su da ko ɗaya. Yaron ƙauyen da ke da hannun kanikanci sai dai ya bar gida ko ya haƙura. 'Yan mata kuma muna tsoron a ce an gama da su da ɗinki da kwalliya, bayan kuwa babu abin da zai hana yarinya ta ƙware a gyaran waya da kwamfuta, kuma matan aure da yawa za su fi sakin jiki su miƙa wayarsu, da duk hotunan da ke cikinta, ga 'yar'uwarsu mace.

Makarantun Gwamnatin Tarayya 'yan ƙalilan ne, mafi yawan 'ya'yan talakawa a makarantun jihohi suke, don haka nauyin yana wuyan gwamnoni da majalisun dokokinsu. Abin da muke tsoro shi ne a sake fara gini daga rufi, domin kwangilar sayen kaya ita ce ta fi saurin fita daga ofis, ita ce kuma ake iya ɗaukar hotonta. Malamin sola ba a sayo shi a akwati. Injiniyan da ya ƙware a wannan aiki yana samun abin da ya fi albashin malami na wata a aiki ɗaya ko biyu, kuma ba zai shigo aji ba sai an yi masa tsarin albashi na daban ko an ɗauke shi na wucin gadi. Muna kira ga kwamitocin ilimi na majalisun jihohi da kada su amince da ko kwabo na sayen injuna a kasafin kuɗin baɗi sai kwamishina ya kawo masu sunan makarantar da za a kai kowane inji, da sunan malamin da zai yi aiki da shi, da inda wutar da za ta tayar da shi za ta fito.