Ra'ayinmu: Kada a Sallami Maigadi Don Ya Tare VPN

A unguwar Kado, tsakanin Jabi da Gwarinpa, akwai ƙananan ofisoshi da ke aiki cikin gidajen zama, kuma galibinsu mutum guda ne ke riƙe da duk harkar kwamfuta. Shi ake kira injiniya, shi ake nema idan intanet ta ɗauke. Akwai matsalar da ke yawan ba irin waɗannan ma'aikata ciwon kai idan suna amfani da Linux, mu kuma muna ganin yadda ake magance ta ya fi ita kanta haɗari.

Ga yadda take faruwa. Babban ofishi ya aiko da fayil ɗin saitin OpenVPN da takardar shaidar shiga. Injiniya ya sauke su a babban fayil ɗinsa a kwamfuta mai Linux samfurin Fedora, ya nuna wa NetworkManager inda suke, ya danna haɗawa, abu ya ƙi. Ya duba izinin fayil ɗin, komai daidai. Abin da ya tare hanya shi ne SELinux, tsarin tsaron da ke liƙa wa kowane fayil da kowace manhaja lakabi, sannan ya hana manhaja taɓa abin da lakabinta bai ba ta dama ba, ko da tana aiki da ikon mai gidan kwamfutar. Kamar maigadin rukunin gidaje ne mai riƙe da littafi: an san ka, amma gida mai lamba kaza aka rubuta za ka shiga, ba za ka leƙa na maƙwabci ba. A Ubuntu da Debian, AppArmor ke wannan aiki, shi kuwa adireshin fayil yake dubawa.

Daga nan sai a rubuta umarnin setenforce 0. VPN ya haɗu nan take, oga ya yi murna, maigadi kuma ya koma kallo kawai. Wasu har sukan shiga fayil ɗin saitin SELinux su kashe shi ɗungurungum don kada ya farfaɗo bayan an sake kunna kwamfuta.

Ba za mu ɗora wa injiniyan laifi shi kaɗai ba. Saƙon da yake gani ba ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Cewa kawai yake an hana izini, ainihin dalilin kuwa yana can a kundin audit.log da sabon shiga bai san da zamansa ba. Bayanan gyara da Turancin ƙwararru aka rubuta su. Janareta na shan mai, data na ƙarewa, ana jiran rahoto kafin la'asar. Akwai ma tarkon da ke kama har tsofaffin hannu: idan ka matsar da fayil da umarnin mv, yana tafiya da tsohon lakabinsa, don haka ko ka kai shi wurin da ya dace za a ci gaba da hana shi. Masu ƙera waɗannan tsare-tsare suna da bashin da ba su biya ba wajen sauƙaƙa bayani.

Duk da haka, tsarin ba don wahalar da kowa aka kafa shi ba. Manhajar VPN tana magana da duniyar waje dare da rana, kuma da iko babba take aiki. Idan ɓarawon intanet ya samu ɓaraka a jikinta, abin tambaya shi ne iya ina hannunsa zai kai. In maigadi na bakin aiki, iyakarsa 'yan fayilolin da aka yarje wa manhajar. In an sallame shi, ga jerin albashi, ga hotunan NIN da lambobin BVN na ma'aikata, ga takardun kwangila. A Fabrairun 2019, da aka gano ɓaraka a runc, manhajar da Docker ke dogaro da ita, kamfanin Red Hat ya bayyana cewa SELinux a kunne yana daƙile harin. Hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta fitar da tsarin a shekarar 2000, ya shiga zuciyar Linux a 2003, kuma tun Android 5.0 a 2014 yake aiki gadan-gadan a wayoyin da ke aljihunmu, wayoyin da 'yan Najeriya da yawa suka fara sanya wa VPN lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Ga kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ɗaukar matakan tsaro da suka dace, da sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutse mai haɗari. Ofishin da ya kashe kariyar da ta zo da kwamfutarsa kyauta zai sha wuya wajen kare kansa.

Matsayinmu shi ne kada a kashe tsarin tsaron. Gyaran gaskiya ba ya cin rabin sa'a: a kwafi takardar shaidar zuwa .cert, wurin da Fedora ta keɓe mata, a gyara lakabin da restorecon, a karanta ƙorafin da ausearch. Mai AppArmor ya ƙara layi guda a ƙarƙashin /etc/apparmor.d/local ya buɗe wa fayil ɗin da ake buƙata kaɗai. Sassauta tsaro na 'yan mintoci don gano bakin zare ba laifi ba ne, muddin an mayar da shi kafin a tashi daga kujera.

Shugabannin ofisoshi su ba injiniya wannan rabin sa'ar, su kuma riƙa tambayarsa yadda ya gyara. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023, da hukumar NITDA, su sanya karanta kundin tsaro cikin darussan farko na masu koyon Linux, a kuma samar da bayanin da Hausa.