Daga Yariko zuwa Nok: a bar ƙasa ta faɗi nata

Duk wanda ya dawo Kafanchan daga ziyarar Urushalima, ya liƙa JP a bayan sunansa, magana ɗaya yake kawo mana tsaraba: masu tonon tarihi sun gama tabbatar da Littafi Mai Tsarki. Da gaskiya a ciki, amma an cika mata gishiri.

A 1961 an tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus Babunti da muƙaminsa. A 1993, a Tel Dan, aka samu rubutun wani sarkin Suriya mai ambaton gidan Dauda, alhali a lokacin wasu masana na cewa Dauda tatsuniya ne. Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka gano a kogon Kumran a 1947 ya girmi kwafin Ibrananci da ake da su da kusan shekara 1,000, kuma bambancinsu kaɗan ne. Waɗannan hujjoji ne masu nauyi.

To, Yariko fa? John Garstang ya tona ya ce ga ganuwar da ta faɗi gaban Yoshuwa. Kathleen Kenyon ta sake tonawa daga 1952 zuwa 1958, ta duba fasassun tukwane, ta ce garin ya rushe wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, tun Yoshuwa bai zo ba. Har gobe ana gardama. Wannan kam ba a cika jin sa daga bagade ba. Dutse na iya nuna cewa an yi sarki kaza, ba ya iya shaidar mu'ujiza, kuma faston da ya ɓoye wa matasa haka, waya za ta tona masa asiri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna tafa wa tonon Isra'ila, namu kuwa ko oho. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da gunkin yumɓu a Nok, ƙasar Jaba. Shahararren kan yumɓun nan na Jema'a, mutum-mutumi aka yi da shi a gonar doya kafin ya isa hannun mai tonon tarihi Bernard Fagg. Al'adar Nok ta soma tun kafin zamanin Dauda, yau kuma ɓarayin kayan tarihi ne ke kwashe ta zuwa Turai.

Ina roƙon makarantar tauhidi ta Kagoro da sauran irinta su koyar da Tel Dan da Yariko tare, sannan su kai ɗalibansu Nok su gani da ido.