A Ba 'Yan Takalmin Taya Fili A Abuja

Duk mai bin manyan titunan Abuja ya san samarin nan masu takalmin taya da ke ratsa motoci a guje, wasu har su kama bayan mota ta ja su. Ran da direba ya taka birki ba zato, an yi asarar ɗan mutane ke nan.

To, amma kora kaɗai ba za ta hana ba, domin wasan kansa ba laifi ba ne. A ƙasashen waje har gasa ake yi: a jera robobi 20, tsakaninsu santimita 80, ɗan wasa ya yi ta kewaya su bai ture ko ɗaya ba. Wannan ba ya bukatar titi, daɓe mai kyau ya isa.

Ga harabar Babban Filin Wasa na Ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Ya kamata Hukumar Birnin Tarayya ta keɓe musu wuri can, ta wajabta hular kwano, sa'an nan ta hana su hawa titi. Iyaye kuma su sa ido. Rigakafi ya fi magani.