Zare: masu yawon "filayen golf 100 mafi kyau a duniya", ku zo mu yi magana

1/ Akwai wata ɗabi'a da ta fara shigowa shafukanmu. Mutum ya hau jirgi zuwa Amurka ko Sikotlan, ya tsaya da sanda a kan ciyawa, ya rubuta "na buga na 14 cikin 100". A ƙasa kuma jama'a suna ta "Allah Ya maimaita mana". To ni dai ban ce amin ba. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Don wanda bai san harkar ba: mujallu irin su Golf Digest da Golf Magazine suna fitar da jerin filayen ƙwallon lambu da suka ce sun fi kowanne. Akwai masu hali da suka mayar da jerin nan aikin rayuwa, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna sa alama, shekara da shekaru.

3/ Wasan kansa ban da matsala da shi. Tafiya ce a ƙasa ta awa huɗu, ga iska, ga nutsuwa, dattijo ma yana iya yi. Abin da ke ba ni haushi shi ne jerin, da abin da yake koya mana mu riƙa sha'awa.

4/ Ku duba saman jerin. Pine Valley a jihar New Jersey ya daɗe yana zuwa na ɗaya. Ba ka isa ka buga a can ba sai wani mamba ya gayyace ka. Ko nawa ne a aljihunka. Mata kuwa sai a 2021 aka amince su zama mambobi. 2021 fa, ba zamanin Turawan mulkin mallaka ba.

5/ Augusta National a Jojiya, inda ake gasar Masters tun 1934. Ba a neman zama mamba, sai dai a kira ka. Baƙar fata na farko da ya buga Masters shi ne Lee Elder, a 1975. Amma shekara da shekaru baƙaƙe ne masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin. Ɗaukar jaka halal, riƙe sanda haram.

6/ Sai a 1990 kulob ɗin ya karɓi mamba baƙar fata na farko, Ron Townsend. Kuma ba tuba suka yi ba. A shekarar ne rigima ta tashi kan wani kulob a Alabama, Shoal Creek, da ba ya karɓar baƙaƙe, kamfanoni suka fara janye tallarsu. Mata sai 2012: Condoleezza Rice da Darla Moore.

7/ Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Cypress Point a Kalifoniya, wanda shi ma kullum yana sahun gaba. Da hukumar gasar ƙwararru ta Amurka ta kafa dokar hana wariya bayan rigimar 1990, sai kulob ɗin ya gwammace ya fita daga gasar da ake yi a filinsa da ya bi dokar a lokacin.

8/ To ɗan uwana da ka sha wahalar biza, ka nemi wanda ya san wanda ya san mamba, ka samu aka shigar da kai na yini ɗaya: me ka je yi? Hoton da ka ɗora, me yake faɗa mana in ban da "an buɗe min ƙofar da aka rufe muku"? Ai ƙofar ce kayan sayarwar. Ciyawa kam akwai ta ko'ina.

9/ Za ku ce akwai waɗanda kowa zai iya shiga. Haka ne. Pebble Beach na kowa ne, in ka yarda da ma'anar "kowa". Zagaye ɗaya sama da dala 600, kuma in kana son a ajiye maka lokaci tun da wuri sai ka kama ɗaki a otal ɗinsu. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya haɗa kusan na shekara guda. Ramuka 18.

10/ Na san amsar: "kuɗinsa ne", "hassada ce". Kuɗinsa ne, ban musa ba. Amma kuɗin masu bin jerin nan su ne ke sa attajirai gina sababbin filaye don a sa su a jeri, kuma filin golf ba a sama ake shimfiɗa shi ba. A ƙasar wasu ake yi.

11/ Misali: Menie, a gabar teku arewa da Aberdeen. Donald Trump ya sayi wurin, ƙaramar hukuma ta ƙi amincewa da shirin a 2007, gwamnatin Sikotlan ta karɓe maganar ta amince. An buɗe filin a 2012. Maƙwabta irin su Michael Forbes da suka ƙi sayar da gidajensu sun ga tasku.

12/ Tudun rairayin wurin yana cikin wuraren da doka ta kare saboda muhimmancinsu ga kimiyya. A 2020 hukumar kula da muhalli ta cire wani ɓangarensa daga wannan matsayi, don abin da ake karewa ya riga ya lalace. Mai ɗaukar hoto a rami na 14 ba zai rubuta wannan a ƙasan hotonsa ba.

13/ Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Filin da duk masu jerin nan suke kira "gidan golf", wato Old Course na St Andrews, tsarinsa kishiyar duk abin da na lissafa ne, amma ba sa kawo wannan darasin gida. Hoton gadar Swilcan kawai suke kawowa.

14/ St Andrews filin jama'a ne. Tun 1552 akwai takardar da ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin yin golf da ƙwallon ƙafa a wurin. A nan aka tsayar da ramuka 18 a 1764, duniya ta bi. Tun 1974 wata hukumar amana ce da dokar majalisa ta kafa take kula da shi. Kulob ɗin R&A da gininsa ke bakin filin ma ba shi ne mai filin ba.

15/ Kaso mai yawa na lokutan wasa ta ƙuri'a ake raba su. Ka sa sunanka kwana biyu kafin ranar, in ka fito ka fito. Mazauna garin suna da tikitin shekara mai rangwame sosai, haka ɗaliban jami'ar garin. Ɗalibi kamata, mai cin taliya da daddare, yana buga filin da wani ya tsallaka teku dominsa.

16/ Ranar Lahadi kuma, in ba gasa ake yi ba, ba a wasa kwata-kwata. Filin yana komawa wurin shaƙatawa. Tsofaffi suna yawo da karnukansu, yara suna guje-guje, iyali suna shimfiɗa su ci abinci a kan ciyawar da Tiger Woods ya lashe gasar Open a 2000 da 2005. Babu mai gadi da zai tambaye ka ɗan wa kake.

17/ Kar ku ɗauka waliyyai ne. Baƙo yana biyan sama da fam 300 a lokacin bazara, kamfanonin yawon buɗe ido kuma suna sayar da tabbataccen lokaci haɗe da otal a kan dubban fam ga wanda ba ya son jiran ƙuri'a. Shi kansa R&A sai 2014 ya karɓi mata. Muirfield ya ƙi a 2016, aka ce ba zai ƙara karɓar Open ba, ya sake ƙuri'a a 2017.

18/ Amma ku lura su waye ke tura St Andrews zuwa tsada: masu jerin nan ne dai. Sun zo wurin da aka gina a kan "na kowa ne", suna neman layin manya.

19/ Shi ya sa in na ga ɗanmu ya dawo daga can yana ba da labari, tambayata ɗaya ce. A kulob ɗin da kake mamba a Abuja ko Jos ko Kano, yaron da ke ɗaukar maka jaka yana da ranar da zai buga? 'Yan unguwar da ke bayan katanga sun taɓa taka ciyawar? Ka ga yadda ake yi ranar Lahadi da idonka, ko Asabar ka tashi?

20/ Masu cewa hassada ce, bismillah, ku sauko ƙasa mu tattauna, amma ku zo da hujja, ban da "kai ma in ka samu za ka yi". Gobe ina da lakca ƙarfe 8, in na fito zan bi amsoshinku ɗaya bayan ɗaya.